Kawu da Layin Sunan Huɗuba

Kawu ya rasu ranar Laraba da hantsi, yana zaune a kan buzunsa, kofin kunun tsamiya a gefensa bai ko huce ba. Na Allah ne mu duka, shi dai ya riga mu amsa kira. Kafin la'asar an kai shi, kafin magariba tabarmi sun cika ƙofar gida har sun tare wa masu babur hanya.

Ni ina ciki wajen mata, amma gidan Kawu a Kazaure ba shi da girman da zai ɓoye magana. Abin da aka faɗa a zaure sai ya shigo tsakar gida. Na ji wani tsohon ɗalibinsa na Babura, yanzu babban ma'aikaci ne har da tumbi, yana cewa Malam bai taɓa dukansu ba, amma in ka kawo masa amsar lissafi babu hanyar da ka bi, sai ya yi ta kallonka har ka gwammace bulala. Na ji maƙwabcinsa yana cewa, "Allah ya jiƙan mai gyaran kwamfuta." Wannan ta ƙona min rai, saura kaɗan in fita babu mayafi. Kawu bai taɓa gyara kwamfuta ba. In tasa ta lalace kasuwa yake kai ta kamar kowa, ya tsaya a kan mai gyara yana cika shi da tambaya.

Muna zaune sai ga wata tsohuwar Bafulatana daga wata ruga ta bayan Gwiwa. Ta dire ƙwaryar nono, ta yi wa matar Kawu gaisuwa, ta share hawaye da bakin zane, sannan ta ce, "Ni dai na yafe masa."

Mata suka juyo gare ta. Matar Kawu, wadda muke ce wa Inna, ta ɗago kai ta ce, "Me ya yi miki, Goggo?"

"Jikana ya kusa sati a duniya ban san sunansa ba, alhali ƙarfen nan na asibiti ya sani. Na roƙi yarinyar asibiti ta duba min, ta ce Malam ya toshe. Na ce wane Malam? Aka nuna min shi. Na zage shi da Fillanci, ashe yana ji. Ya ce min, Goggo, ƙara wani, wannan na san shi."

Aka yi irin dariyar gidan makoki, wadda ake tarewa da gefen mayafi. Yawancin matan ba su gane maganarta ba. Ni na gane, domin da hannuna aka buga layin manhajar kwamfutar da take ƙorafi a kai.

Ranar sadakar uku babban ɗan Kawu ya ja ni gefen rijiya. A Abuja yake aiki, shi ma rubuta manhaja ce sana'arsa, kuma taubashina ne, shi ɗan namiji ni 'yar mace, duk da cewa na goya shi yana tsumma. Ya ce, "Yaya, manhajar asibitin nan ta Baba ni zan riƙe ta yanzu. Zan sabunta ta. Akwai layi ɗaya da zan gyara."

Na ce, "Na san layin. Ƙasar kabarin ubanka ba ta bushe ba, ka fara ɗaga masa kaya."

Ya ce, "'Yar mace ba ta gadon layi."

Wasa ya yi, irin namu, amma ban yi dariya ba. Shi ma ya ga ban yi ba.

Sai in faɗi yadda aka yi mace irina ta san layi. Sunan mahaifiyar Kawu aka sa min, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce min tun ina rarrafe. Gidansu gidan malaman hakimi ne, duk maza sun yi boko, mu 'ya'ya mata ba a ga dalili ba. Na yi aure, na haifi nawa, na yi ta soya ƙuli-ƙuli har furfura ta fara leƙowa. Shi kuwa ya koyar da lissafi a Babura, da kwamfuta ta zo ya bi ta da tsufansa, ya koyar da ita a Kazaure har ya ajiye aiki. Wata rana na kai masa man gyaɗa na tarar da shi yana magana da allon na'ura kamar da mutum. Na ce, "Kawu, me kake dannawa haka?" Bai ko waiwayo ba ya ce, "Uwata, ba zan iya yi miki bayani ba, ba ki da karatu." Ba da raini ya faɗa ba. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi zafi. Na fita ban yi sallama ba, na zarce ajin yaƙi da jahilci na zauna a benci ɗaya da sa'o'in 'yata. Na gama wannan na shiga na yamma, na gama na shiga difloma a kan kwamfuta. Ranar da na koma masa da takardata bai ce sannu ba. Matsawa ya yi a kan buzun, ya ce, "Zauna. Ina muka tsaya?"

Abin da ya fara koya min shi ne abin da ya fi so a duniya bayan kunun tsamiya. A yaren da muke rubuta manhaja da shi, ba ka ajiye komai sai ka faɗi irinsa tun farko: wannan lamba ce, wannan rubutu ne, wannan kwanan wata. Akwai kuma wani shafi da ake kira intafes. Ba a yin aiki a cikinsa, alkawura ne kawai. Ka rubuta sunan abu, ka faɗi irinsa, sai ka sa masa ɗaya daga kalmomi biyu, ko ka sa duka biyun. Ɗaya get, wato ana iya duba abin. Ɗaya set, wato ana iya saka shi ko a canza shi. Yadda za a duba, da inda za a ajiye, ba ruwan intafes, wannan aikin wani shafin ne da ya ɗauki alkawarin. In ka saɓa, kwamfuta ba za ta ko tayar da manhajar ba, jan layi za ta ja maka ta tsaya.

Kawu ba ya cewa get da set sai in ya zama dole. Gani da taɓawa yake cewa. "Wa zai gani? Wa zai taɓa?" Ya yi wannan tambayar a kan kowane abu har ta zama masa kamar tari. Ko kwanon tuwo aka ajiye, yaran gida sukan kwaikwaye shi a bayan ido.

Na tuna ranar da na sa wa ranar haihuwar jariri gani kaɗai da safe, bayan azahar na manta na yi ƙoƙarin canza ta a wani shafi. Jan layi ya fito. Na yi tsaki na ce na'urar nan taurin kai gare ta. Kawu ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, abin da yake yi in wani abu ya yi masa daɗi, ya ce, "Ba ita ta hana ki ba, Uwata. Wata mata ce ta yi alkawari da safe. Je ki yi faɗa da ita."

Manhajar da muka yi ta ƙananan asibitocin haihuwa ce, ɗaya a wajen Roni, ɗaya a wajen Gwiwa, don a riƙa bin allurar rigakafin yara. Ba wanda ya sa shi, shi ya ga matsalar ya ɗauka. Kuma mutum ne mai ba da haushi a wajen aiki. Da wani ne kwana biyu ya gama, Kawu kuwa damina ta wuce bai rubuta komai ba sai intafes. Sai ya goya ni a tsohon babur ɗinsa mu je, ya zauna a bencin masu jira, ya tara ma'aikata yana karanta musu layi-layi. "Nauyin jariri. Wa zai gani? Wa zai taɓa?" Babbar nas ɗin Roni ta ce, "Malam, don Allah, mata uku gare ni a kan gwiwa." Ya ce, "Je ki, ina nan." Kuma yana nan ɗin. Ta fito da yamma ta same shi inda ta bar shi.

A nan bencin ya ga inda yara ke ɓacewa. Jariri na karɓar allurar farko kafin a sallami uwarsa, a rubuta shi jaririn wance, tunda ba a yi suna ba. Bayan an gama wanka a dawo da shi da suna, wani lokaci kaka ce ta kawo shi, wani lokaci uwar ce amma ɗan fari ne ba za ta iya faɗin sunansa ba, ba kuma za ta faɗi na mijinta ba. Sai a buɗe masa sabon shafi kamar yau aka fara ganinsa. Wani a maimaita masa allura, wani a tsallake.

Kawu ya ce, "Yaron nan yana da suna tun ranar farko. An yi masa huɗuba, an raɗa masa a kunne. Mu ne ba mu sani ba."

Nas ta ce, "To uban ya faɗa mana mana."

Wani magidanci da ke gefe yana jiran a sallami matarsa ya ce, "In faɗa miki? Hajiya, ke da kuke ɗinki wuri ɗaya da surukata? Kafin in isa gida ta ji ba sunan mijinta na sa ba. Rago yana ɗaure za a fara shari'a."

Duk aka yi dariya banda Kawu. Muna hanyar komawa ya tsayar da babur a gindin wata tsamiya, ya ce in buɗe na'ura. Ya sa na rubuta layi biyu. Na farko SunanHuduba, rubutu ne, a gabansa set kaɗai, babu get. Na biyu Suna, a gabansa get kaɗai, kuma shafin da zai ɗauki alkawarin ba zai nuna komai ba sai ranar suna ta yi. Tsarin shi ne, uba ya karɓi allon ya juya baya, ya rubuta sunan sau biyu don gudun kuskure, akwatin ya share kansa. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami. Wanda bai iya ko ɗaya ba ya zo da malamin da ya yi huɗubar, tunda shi dama ya sani. Ranar suna da safe, sunan ya bayyana a shafin yaron da kansa.

A kan wannan layin na farko muka yi faɗan da bai taɓa shiga tsakaninmu ba. Na ce masa a difloma an koya mana abin da ake sakawa ba a iya dubawa aibi ne. Ba ka iya gwada shi, ba ka san ko ya shiga daidai ba. Ya ce, "Wanda ya rubuta littafinku an yi masa huɗuba?" Na ce, "Kawu, kai ka ce in yi karatu, na yi, yanzu kuma ka ce karatun ƙarya ne?" Ya ce bai ce ƙarya ba ne, ya ce bai isa Gwiwa ba. Na ce to ya nemi wata Uwar. Na daina zuwa. In na shiga gidan sai in gaishe da Inna in fice ta gaban zaurensa ina kallon sama. Shi kuma ya riƙa aiko min da yalo a leda, babu saƙo. Har yau ban janye maganata duka ba. A mafi yawan wurare layi irin wannan aibi ne, kuma yanzu da nake koyarwa, in ɗalibata ta kawo min shi sai ta gaya min dalili.

Abin da ya mayar da ni kuwa ba sulhu ba ne, sabon faɗa na kai masa. Na gano cewa sunayen suna nan kwance a ma'ajiyar bayanai, wanda duk yake da kalmar sirrin shiga can zai gan su ba tare da ya bi ta intafes ba. Mu biyu ne masu kalmar, ni da shi. Na faɗa zauren ko sallama ban gama ba na ce, "Toshewar taka ta banza ce. Ga ƙofar baya a buɗe."

Ya ce, "Na sani."

"Ka sani?"

"Intafes ba kwaɗo ba ne, Uwata. Faɗa yake yi wa duk wanda ya zo aiki a bayanmu: ga abin da aka yarda ka nema. Yana hana mai mantuwa da mai gaggawa. Wanda ya yi niyya ba ya hana shi." Ya kurɓi kunu. "Kin duba?"

Na ce, "Ni 'yar sa ido ce?"

Ya ce, "To zauna. Akwai aiki."

Akwai abin da ya yi min da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yanzu. 'Yata ta biyu ta haihu a asibitin Roni, yaron ya kwana biyu ya koma. Mutane suka yi ta cewa Allah ya sa mai ceto ne, kafin sati an daina zancensa kamar bai zo ba. Mijinta mutum ne mai haɗiye magana, bai ce wa kowa komai ba. Kawu ya zo gidana, abin da ba ya yi, ya tsuguna a bakin ƙofar ɗaki ya ce, "Nas ta tambaye ni ko ta goge shafinsa, na ce a'a. Ubansa ya rubuta, Uwata. Ba jaririn wance ba ne. Yana da suna." Bai ce in duba ba, ni ma ban duba ba. Amma tun daga ranar, in na tuna yaron, ina tuna mutum ne.

To wannan layin ɗan Kawu yake so ya ƙara wa get. Kuma ba zan zalunce shi ba, yana da hujja. Ya ce za a haɗa manhajar da wata babba wadda ke son ta karanta komai. Ya ce wata rana wani uba zai yi kuskure sau biyu iri ɗaya, ba mai ganewa sai suna ya fito a karkace. Ya ce zai ɓoye sunan a kan allo, nas ba za ta gani ba, a cikin intafes ne kawai za a buɗe. Na ce yau kai ka ɓoye, gobe wani ya zo ya ga get a wurin, ya ce ai an yarda, ya sa shi a takardar sallama. Na ce mutanen nan ba allo suka yarda da shi ba, ubanka suka yarda da shi, ya ce musu ba mai gani. Ya ce, "Yaya, Baba ya rasu." Na ce, "Su ba su rasu ba." Ya koma Abuja ba mu daidaita ba. Manhajar tana hannunsa, ni ba ni da abin hana shi sai baki.

Matarsa 'yar Roni ce, tana gidan iyayenta goyon ciki na fari. Ba a yi arba'in ɗin Kawu ba ta haihu, mace, a asibitin nan dai. Ya taho a gigice, ya yi wa 'yarsa huɗuba, babbar nas ta miƙa masa allon ta ce, "Juya baya, ɗan Malam." Ina zaune a benci ina kallonsa. Ya rubuta, ya sake rubutawa, akwatin ya share. Ya daɗe yana kallon farin wurin. Surukarsa ta matso tana leƙe ta kafaɗarsa, ƙannen matarsa na kewaye shi, kowa da sunan da take so, ɗaya har tana cewa ta ga harafin farko. Ya miƙa wa nas allon da sauri kamar mai zafi.

Da la'asar, muna asibitin, wayata ta yi ƙara. Inna ce. Tana takaba, ba ta fita, ba ta ga jikar ba. Muryarta ta dushe. Ta ce, "Ke kaɗai kika rage mai shiga ta baya, Malam ne ya gaya min. Ba zan faɗa wa kowa ba. Ina zaune a ɗakin nan ni da bango. Duba min."

Ban taɓa jin nauyin magana irin wannan ba. Matar nan ta raine ni lokacin da uwata ke ciwo. Na'urar tana kan cinyata. Na ce, "Inna, ki gafarce ni. Ki kira ɗanki, nasa ne, in ya so ya faɗa miki." Sai ta ce, "Ya bar min ke dai, da halinsa," ta kashe. Ban san ko fushi ta yi ba, kuma ban kira na tambaya ba.

Taubashina yana tsaye a gefe, ya ji komai. Daga baya na ji da kansa ya je ɗakinta da yamma ya raɗa mata, ita kuma ta riƙe har ranar suna, ta bar dangi suna ta cacar baki.

Bayan an sha suna ya turo min sabuwar manhajar in gwada. Ya sauya kusan komai, wurare da yawa nasa ya fi na Kawu tsabta, kuma zan faɗa ko a gaban Kawu. Babbar manhajar ya haɗa ta da Suna kaɗai. Na buɗe intafes, na gangara. Layin yana nan, set kaɗai. A samansa ya ƙara ɗan bayani, irin wanda kwamfuta ba ta karantawa, mutum kawai ake bar wa: "Kada a ƙara get a nan. A tambayi Yaya."

Na yi dariya, na yi kuka, sannan na ji haushinsa, domin Yayar ma ta tsufa, kuma wanda zai buɗe shafin nan gaba bai san ko wace ce ba. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, don wanda ya zo tambaya bai same ni ba ya sami amsa.

Allah ka yafe wa Kawu abin da muka gani da wanda ba mu gani ba, ka yalwata masa makwanci, ka ba Inna haƙurin zama. Wanda kuma ya gaji layin nan a bayanmu, Allah ka ba shi kunya.